Daga Kamlin Zuwa Shagunan Hunud: Ranar Rufe Littafin Bashi

Kamlin na bakin Shuɗin Nilu, a kan titin Khartum zuwa Madani. Hausawan ƙauyukan wannan yanki yawancinmu jikokin alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, noman audugar Jazira ya riƙe su bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Kafin yaƙin 2023, kasuwar Umdurman muke zuwa sari: yadi, tob ɗin mata, itacen sandal na turaren amare. Wasu daga cikin kayan nan a hannun Indiyawa muke saye, waɗanda mutanen gari ke kira Hunud. Kakanninsu 'yan Gujarat ne, sun shigo ta tashar Sawakin tun ƙarni na 19.

A shagunansu na fara jin labarin Danteras. "Dan" dukiya ke nan, "teras" kuma sha uku, wato ranar 13 bayan wata ya cika ya fara raguwa. Ita ce ta farko cikin kwanaki 5 na bikin Diwali, tana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba. Ran nan ana share gida da shago ƙal, a kunna 'yan fitilun yumɓu a bakin ƙofa don tarbar Lakshmi, wadda mabiya addinin Hindu ke ɗauka a matsayin allahiyar arziki. Mai hali ya sayi zinariya ko azurfa, marar hali ko tukunyar ƙarfe ce sai ya shigo da ita gida.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne littafin lissafi. Kwana biyu bayan Danteras, a daren Diwali, ɗan kasuwar Gujarat kan rufe littafin shekarar da ta ƙare, ya buɗe sabo mai jan bango, a yi masa addu'a. Sunan wannan al'ada Copda Pujan. Kafin ranar kuwa, kowa na ƙoƙarin biyan bashin da ke kansa, ya nemi nasa. Shi ya sa da Oktoba ta kama, wanda ya ɗauki kaya bashi ya san saƙo na tafe.

Ibadarsu tasu ce, amma tsarin ya kamata mu duba. Mu ma muna da ranarmu, ranar da shekara ta zagayo kan jari za a fitar da zakka. Sai dai mu nawa ne ke zama mu ƙirga haja, mu rubuta wa ke binmu, wa muke bi? Bashin da aka bari a ka, shi ke raba 'yan uwa idan mai shago ya rasu ko gudun hijira ya watsa mutane.

A Afrilun 2023 gwamnatin Indiya ta kwashe mutanenta ta Bur Sudan, a Disamba kuma yaƙi ya iso Jazira. Da yawanmu sun bar shago da kaya. Wanda ya fito da littafinsa, ko hotonsa a waya, shi ke iya zama da abokan cinikinsa yau a daidaita. Ɗan'uwa, ware rana ɗaya a shekara, ka kira babban ɗanka ya zauna kusa da kai, ku rubuta.