Ina Shamuwar Karfi Take Cin Rani?

Matafiyin da ya ratsa ƙasar Funtuwa da Malumfashi a ƙarshen watan Nuwamba zai tarar da ƙasa ta gama biyan manomi haƙƙinsa. An karye masara, an yanke dawa an jingine kara, farin auduga na leƙowa daga sauran gonakin da ba a gama tsinka ba, manyan motoci kuma na jigilar buhuna zuwa kasuwannin hatsi irin su Bakori da Dandume. Idan ya yada zango a Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, ya ɗaga kai ya dubi manyan itatuwan da ke cikin gari, zai ga tarin ƙirare a tsakanin rassa, an jera su kamar faifai. Sheƙar shamuwa ke nan, kuma a wannan lokaci babu kowa a ciki. Mai gidan ta yi ƙaura tun ruwa na ɗaukewa.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san shamuwa: baƙin baya, farin ciki, dogayen ƙafafu, da fuska mai shuɗi da ɗan ja a lokacin ƙwai. Tsayinta wajen santimita 75 ne, nauyinta kuma kilo ɗaya ne da 'yan kai, don haka ita ce ƙarama a danginta. Masana sun sa mata suna Ciconia abdimii a shekarar 1823, don tunawa da wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Manomi kuwa ya san ta da aikinta. Idan ta sauka a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ya san lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Shi ya sa ake hana yara jifarta ko taɓa ƙwanta, take kuma yin sheƙa a tsakiyar mutane ba tare da fargaba ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ita ce ke shan dukan ruwan damina a bisa itace, tana kwance kan ƙwai biyu ko uku, har 'ya'yan su yi fiffike.

Iyakar saninmu da ita ke nan, wato wata biyar ko shida. Ragowar rabin shekarar, wanda a cikinsa ake tantance ko za ta rayu ta dawo, ba kasafai muke tambaya a kansa ba.

Bahaushe ya san cin rani. Matasan Karfi da na maƙwabta, da zarar an kai amfanin gona gida, sukan bazu zuwa Kano da Kaduna da Abuja da Legas, su dawo da faɗuwar ruwa. Shamuwa ma tafiya take yi neman abinci, sai dai ita ba ta yarda ta ga rani ko kaɗan. Ruwan sama a Afirka yana tafiya ne kamar rawani da aka naɗa wa nahiyar, yana hawa arewa yana sauka kudu, yana bin rana. Daga Mayu zuwa Satumba yana kanmu. Daga Nuwamba zuwa Maris yana kan ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe da arewacin Afirka ta Kudu. Inda ruwa ya sauka ciyawa ke tsirowa, inda ciyawa ta tsiro nan fara da tsutsa ke ƙyanƙyashewa, su ne kuwa tuwon shamuwa. Saboda haka damina biyu take ci a shekara, ɗaya a wurinmu, ɗaya a kudancin nahiya.

Yadda take yin tafiyar ma abin lura ne. Daga Katsina zuwa Zimbabuwe ya haura kilomita 4,000 a miƙe, kuma shamuwa ba ta yin dukan wannan hanya da kaɗa fiffike. Sai ta jira hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara tasowa sama. A nan garken zai buɗe fukafukai ya yi ta shawagi yana kewayawa, iskar na ɗaga shi, sa'an nan ya sulale gaba har ya riski wata iskar. Da yamma su sauka su yi kiwo. A can kudu ba ta yin sheƙa, ba ta da gari guda. Garke mai ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, yakan bi bayan hadari, ya sauka inda fara ta yi dandazo ko inda tsutsar da ke cinye shuka ta ɓarke, ya yi ta tsinta yana takawa a hankali cikin ciyawa. Idan abincin ya ƙare a tashi gaba.

Ba da sauƙi ɗan'adam ya gano irin waɗannan hanyoyi ba. A shekarar 1822 aka harbo wata 'yar'uwar shamuwa, fara, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da kibiyar mafarautan Afirka soke a wuyanta. Wannan tsuntsuwa, wadda har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, ta zama hujjar cewa tsuntsayen da ke ɓacewa daga Turai da sanyi Afirka suke zuwa. Tamu shamuwar kuwa sai a farkon wannan ƙarni wasu masana daga Denmak suka ɗaura wa kaɗan daga cikinta na'ura a Jamhuriyar Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan'adam. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna hanyar da ta ratsa tsakiyar Afirka zuwa Tanzaniya, har da wadda ta kai Zimbabuwe.

Wannan matsala ta sanin tsuntsu a sheƙarsa kawai ba ta tsaya kan shamuwa ba, kuma babu inda ta fi fitowa fili kamar a labarin fengwin, tsuntsun teku na kudancin duniya wanda ba ya tashi sama, fukafukansa sun zame masa filafilan iyo. Ɗalibai sun saba ganin hotonsa tsaye a kan ƙanƙara cikin taro, amma wannan hoton lokacin ƙwai ne. Da ya gama renon 'ya'ya yakan faɗa teku ya yi watanni ido bai gan shi ba. Sai da aka ƙera 'yan na'urori marasa nauyi da ake ɗaura masa a ƙafa aka san inda yake zuwa. Nau'in Adeli da ke tsibirin Ross a Antatika an gano yana yin tafiyar kusan kilomita 13,000 zuwa da dawowa a lokacin sanyi, yana bin gefen ƙanƙara inda akwai sauran hasken rana da zai ga abincinsa, wato ƙananan kifaye da wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande. Nau'in Majalan da ke ƙwai a gaɓar Ajantina yakan yi iyo arewa har kudancin Burazil, yana bin ayarin ƙananan kifi. Ɗaya a sama, ɗaya a ruwa, amma dokar guda ce: idan an tashi daga sheƙa, abinci ne ke zana hanya.

Akwai kuma fengwin ɗan Afirka, a gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, wato a ƙarshen yankin da shamuwarmu ke zuwa. Labarinsa gargaɗi ne. Sau ɗaya a shekara yakan zubar da gashinsa gaba ɗaya, ya zauna a tudu kusan mako uku ba ci, domin ba zai iya shiga ruwa mai sanyi ba sai sabon gashi ya fito. Dole ne kafin nan ya ci ya yi ƙiba, bayan nan kuma ya sami abin da zai mayar da jikinsa. Da kifin sadin da ire-irensa suka yi ƙaranci, saboda yawan kamun manyan jirage da sauyin yanayin teku, sai yunwa ta shiga kashe shi. Tsuntsun da ake lissafa shi da miliyoyi a farkon ƙarni na 20, a shekarar 2023 ma'auratansa ba su kai 10,000 ba, a 2024 kuma aka sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. An daɗe ana gadin tsibiran da yake ƙwai. Abin da ya gagara tsarewa shi ne abincinsa a cikin teku.

Shamuwa ba ta kai ga wannan hali ba, har yanzu ba a lissafa ta cikin tsuntsayen da ke cikin haɗari. Amma rayuwarta sarƙa ce mai zobba da yawa, kuma zobe biyu suna hannun mutanen Karfi da makamantansu. Na farko itace. Shamuwa na son dogon itace a cikin gari, irin su tsamiya da kuka da rimi, waɗanda sai sun shekara da yawa suke kai girman da za su ɗauki sheƙa. Injin yankan katako kuwa yini guda ya ishe shi, ga buƙatar itacen girki da gawayi na ƙaruwa, ga gini na cin fili. Zobe na biyu abinci. Wannan yanki ne na noma mai ƙarfi, kuma feshin maganin ƙwari da na ciyawa ya zama ruwan dare. Manomi na da hujjarsa, musamman tun da tsutsar masara ta shigo ƙasar nan a 2016. Sai dai maganin da aka zabga fiye da ƙima ba ya bambanta maƙiyi da masoyi. Farar da ta sha guba ita ce shamuwa za ta ɗauka ta kai wa 'ya'yanta, alhali wannan tsuntsuwa ma'aikaciyar gona ce da ba ta karɓar lada, wadda binciken da aka yi a kudu maso gabashin Nijar ya tabbatar da cewa fara ce mafi yawan abincinta.

Sauran zobban suna hannun manoman Tanzaniya da Zimbabuwe, waɗanda ba mu san su ba, su ma ba su san mu ba. Don irin wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a shekarar 1995, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga, shamuwa kuma na cikin tsuntsayen da ta ƙunsa. Amma yarjejeniya ba ta hana sare tsamiya. Mai unguwa da limami da dattawan gari ne ke iya hanawa, kamar yadda kakanni suka hana jifa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu ilimi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, tana tattara bayanan tsuntsayen ƙasar nan daga hannun masu sa kai. Malamin kimiyya a makarantar sakandare a Karfi ko Malumfashi ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam kafin ya ba da gudummawa. Littafin rubutu guda ya isa: ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar ruwan shuka, yawan sheƙa a gari, irin itacen da kowace take kai, da ranar da garke ya tashi. Idan makarantu goma suka riƙe wannan shekara goma, za mu san ko shamuwa na raguwa, mu kuma san ko zuwanta na nan daidai da ruwa a wannan zamani da damina ke yi wa manomi wasa da hankali. Ɗaliban jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma da Zariya da ke neman batun bincike, ga shi nan a bisa kansu. A fara ƙirgen tun yanzu da sheƙun suke fili, kafin watan Afrilu ya kama.