Motar Yanka: Abin da Na Gani a Stoneleigh

Stoneleigh ƙaramin gari ne a tsakiyar Ingila, kusa da Coventry, kuma ba don filin baje kolin da ke gefensa ba da ba kowa zai san da shi ba. A filin nan ne masu ƙera mota a gida suka yi shekara da shekaru suna haɗuwa duk farkon watan Mayu. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Coventry ne ya ja ni. "Kawu," in ji shi, "kai da ba ka iya wuce garejin Kwanar Dangora ba ka tsaya ba, yau za ka ga abokan cin mushenka."

Na kuwa gan su. Motoci ne jere a kan ciyawa iya ganinka, gajeru ƙwarai, kujera biyu, yawancinsu ba ƙofa ba rufi, salansa a waje ta bi gefe. Masu su ba makanikai ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai ɗan fansho, akwai mai aikin ofis, kowa a ɗakin ajiye mota na gidansa ya haɗa tasa, da daddare da ranakun hutu, wani shekara biyu, wani biyar.

Abin ya samo asali. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, ana sayar da ita gunduwa-gunduwa mutum ya je ya haɗa, domin a lokacin motar da aka saya a wargaje ba a biya mata harajin saye. Ana ba da labarin cewa da doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar yadda ake haɗawa, sai kamfanin ya buga ta yadda ake kwancewa, mai hankali ya karanta daga ƙasa zuwa sama. A 1973 Caterham ta sayi haƙƙin ƙera motar, tana kuma yi har yau. Sai a 1996 wani malami, Ron Champion, ya wallafa littafin da ya nuna wa talaka yadda zai yi waldar shasinsa da kansa, ya yanka tsohuwar Ford Escort ya kwashi kayanta, duka a kan fam 250. Ban haɗu da wanda ya ce kuɗin sun ishe shi ba, amma littafin ya buɗe ƙofa.

Ni abin da ya tsayar da ni ba ƙyallin fenti ba ne, yadda suke zaɓen motar yanka ne. Kamfani zai sayar maka da shasi da bodi, amma inji da giyabos da aksul da burki da sitiyari da wayarin, daga tsohuwar mota za ka ciro su, kuma tun ranar da ka saye ta aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Sharaɗi na farko, ta kasance mai ja da ƙafar baya, inji a gaba a miƙe, furofela ta bi ƙasa zuwa aksul. Shi ya sa kowane zamani da motarsa. Escort ta koma ja da gaba a 1980, tsofaffin kuma 'yan tsere suka sa suka yi tsada. Aka koma kan Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, har ita ma ta yi wuyar samu. Yanzu ido yana kan Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, sai kuma tsofaffin BMW.

Wani dattijo mai farin gemu ya buɗe mana kundin hotunan aikinsa. Hoton farko wata Mazda ce ja, ƙasan ƙofofinta tsatsa ta cinye har ana hango ciyawa ta ramin. Na ce wa ɗan yayata ya tambaye shi, ina dalilin sayen wannan gawa? Dattijon ya yi dariya. Ya ce ramin nan ne ya rage masa kuɗi, shi kuma bodin ba abin da zai yi da shi. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi shi ke cin ƙarfe, inji kuwa yana nan garas. Ya je da sassafe don ya ji tashin injin da sanyi, ya duba kalar hayaƙi, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko akwai farar kumfa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Ya tuƙa ta wata guda kafin ya sa mata sifana, don duk ciwon da ke jikinta ya bayyana tun tana da rai. Kamar dai mahauci a kara, ba ruwansa da kyan ƙaho, hannu yake kaiwa ya ji tsoka. Daga baya ya sayar da kujeru da fitilu da rufi, ya mai da kaso mai kyau na kuɗinsa. Mazda tana kusan tan ɗaya, motar da ya haɗa ba ta fi rabin haka da ɗan ɗori ba, inji kuma shi ne dai. Da ya taka ta muka ji.

Sai maganar takardu, wadda a nan ne suka fi burge ni. Ba a hawa titi sai hukuma ta yi wa motar gwajin da ake kira IVA, wanda aka fara a 2009. Ana auna burki da ƙara da hayaƙi, ana bin jikinta da ma'auni ana neman duk wani baki mai kaifi da zai yanki mai tafiya a ƙasa. Ma'aunin hayaƙi da shekarun inji yake tafiya, don haka takardar motar yanka dukiya ce. Wanda ya ɗauki manyan kaya daga mota guda mai takarda yakan sami lamba ta shekarunta. Wanda ya tsinto nan ya tsinto can, lamba mai harafin Q za a ba shi, kowa ya gani ya san ba a san asalinta ba, kuma tana rage wa mota daraja.

A hanyar dawowa lissafin gida na yi ta yi. Hannu dai muna da shi. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, a 2019 kuma Jerry Mallo na Jos ya nuna motar tsere ta ƙirarsa. Motar yanka ma ba mu rasa ba. Golf ɗin da ke jigila daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore zuwa Doguwa, ba za ta yi ba, da gaba take ja. Amma Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna, da 505, da Mercedes 190, duk da baya suke ja, kayansu kuma ba sa gagarar kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai dai zaɓenmu a juye zai kasance. Mu ba gishiri a titi, bodi yakan daɗe, lodi da ramuka da ƙura su ne ke kashe inji da ƙafa. Motar haya da ta sha buhunan masarar Doguwa ba abar yanka ba ce. A nemi ta wani tsohon ma'aikaci da ta yi shekaru a zaure ko gindin darbejiya, a tambayi takardunta kafin a tambayi kuɗinta.

Irin waɗannan motoci suna nan a Bebeji da Kiru, taya a sace, kaji na kwana a ciki, 'yan gwangwan kuma suna zagaye da sikeli suna saye a kan kilo. Malam bakanike, in ka ji labarin 504 mai lafiyayyen inji da takardu cikakku, ka riga su zuwa.