Wankan da Na Yi wa Akun Inna

Akun gidanmu ya girmi ɗana na fari. Marigayi Baba ne ya zo da shi daga Kurmi, zamanin da yake tuƙin babbar mota, yana kai bandar kifin Baga Kudu ya dawo da manja. Irin mai launin toka ne mai jar wutsiya, kuma tun da ya shigo gidanmu a Gwange yake kwashe duk abin da kunnensa ya ji: sallamar baƙi, kiran mai ruwa, ƙarar ƙofar zaure. Amma muryar Baba ya fi riƙewa. Shekara shida bayan rasuwarsa, kullum da safe sai ka ji an yi gyaran murya a gindin dalbejiya an ce, "Hajiya, shayin fa?" Inna kuwa ba ta taɓa ƙin amsawa ba.

Wannan tsuntsun ne na kusa kashewa da hannuna a watan Janairu na 2023, kuma da niyyar alheri na yi.

Ana saura kwana biyu bikin ƙanwata, muna ta share-share, sai na lura da wani farin gari a kan kejin da ƙasansa, har a jikin gashinsa. Na shafa bayansa, yatsana ya fito fari fat kamar na taɓa alli. A raina na ce dauɗar hunturu ce, ko ma ƙwarƙwata, ga baƙi za su cika gida. Ban tambayi kowa ba. Inna ta tafi kasuwar Monday sayen kayan biki, ni kuma na ga dama ta samu.

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ne, hazo ya rufe gari, irin sanyin nan na Maiduguri da ke sa kowa ya raɓi wuta. Na cika bokiti da ruwan randa, na kaɗa omo har ya yi kumfa. Na naɗe hannuna da tawul na damƙo shi ta ƙirji, na tsoma shi har wuya, na cuɗa, sannan na kwara masa ruwa a ka da moɗa. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Ya gantsara mini cizo a babban yatsa, na ƙara matse shi don kada ya kuɓuce. Da na fito da shi ya koma ɗan mitsitsi, gashi ya manne, ƙashin ƙirji a fili, jiki na ɓari.

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Duk wanda ya san gidajen Borno ya san ba a raba ɗakin mace da turaren wuta, balle ana shirin biki. Kaskon matata na ci, hayaƙi na tashi. Na ce bari ya ji ɗumi ya bushe, har ya yi ƙamshi. Na ajiye kejin kusa da kaskon, na lulluɓe shi da zane, na ja ƙofa na fita.

Kafin azahar ya sauko daga kan sandarsa ya lafe a ƙasan keji. Gashi a bubbuɗe, ido rabi a rufe, baki a hangame, wutsiya na ɗagawa tana sauka da kowane numfashi. Inna ta dawo ta same shi haka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Babana, me ya yi maka?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tari Keke Napep, keji a cinyata, muka nufi wurin likitan dabbobi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wanka ka yi masa irin na mutum. Wannan farin garin da ka gani lafiyarsa ce."

Bayanin da ya yi mini har yau yana kunnena. Irin wannan aku yana da wani lallausan gashi a ƙarƙashin na waje, wanda bakinsa ke marmashewa ya zama gari. Garin nan, tare da ɗan maiƙon da yake ɗebowa da baki daga tushen wutsiya, su ne ke gyara gashin su hana ruwa ratsa shi. Sabulu yana wanke su tas, kuma abin da ya rage a jiki tsuntsun zai haɗiye shi in yana gyaran gashi. Zafin jikinsa ya kai digiri 40 zuwa 41, ya fi namu, kuma gashin ne bargonsa. In ya jiƙe har fata cikin sanyi, ɗan jikin nan ba ya iya riƙe ɗumi. Matse ƙirjin da na yi ma haɗari ne, domin tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake jan iska, in ka danne shi ka shaƙe shi. Ruwan moɗa kuma ta ƙofofin hanci yake bi.

Hayaƙin ne ya fi tayar da hankalin likitan. Ya ce ban da huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jiki, kuma yana zuƙar abin da ke cikin iska fiye da mu nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari har zuwa 1986: in iska ta gurɓace, shi ke fara faɗuwa. Hayaƙin gawayi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, duk abin da muke shaƙa mu wuce, shi yana iya kai shi lahira a rufaffen ɗaki.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, akun yana buƙatar wanka, har fiye da yadda nake zato. Asalinsa dazuzzukan ruwa ne na kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Mu kuma muka kawo shi bakin Sahara, inda hunturu ke tsattsaga leɓe, zafin Afrilu ya haura digiri 40. Fatarsa na bushewa kamar tamu. Sai dai shi ke yi wa kansa wankan. Naka kawai ka zuba ruwa zalla, marar sanyi marar zafi, a faranti marar zurfi da hantsi in rana ta ɗaga, ka ja gefe. In ba ya son faranti, ka fesa ruwan sama da kansa ya sauko masa kamar yayyafi. Daga nan a bar shi inda iska ba ta kaɗawa ya bushe, ya tsefe gashinsa da baki tun kafin yamma. Ashe haka Inna take yi duk shekarun nan da wani tsohon tire, ni ina wucewa ina zaton ruwan sha take ba shi.

Kwana goma muna ɗiga masa magani a baki. Ya fara cin gyaɗa a kwana na huɗu, amma magana shiru. Safiya ta yi ta wucewa ba wanda ya tambayi shayi, Inna takan fito da kofinta ta zauna a gindin bishiya ta yi jugum. An yi biki an gama ban ji daɗinsa ba. Sai bayan wajen mako shida muka ji gyaran muryar nan, a dusashe, sannan maganar ta biyo. Inna ta amsa tana share ido da gefen mayafi.

Akun bai koma daidai ba. Duk hunturu numfashinsa na yin ƙara, sai mun shigar da shi ɗakin da ba a turare. Irinsa kuma ƙarewa suke yi a daji saboda masu kamawa, har taron ƙasashen duniya na Johannesburg a 2016 ya hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda ke hannunmu amana ce, kuma tsuntsu ne da kan yi shekara 40 ko fiye in an kula da shi.

Don haka ɗan'uwa, in kana da aku ko tsirya a gida, don Allah kada ka kai masa sabulu, kada ka tsoma shi a bokiti, kuma ka nisanta kejinsa da kaskon turare. In ka ga abin da ba ka gane ba a jikinsa, je ka tambayi likitan dabbobi kafin ka sa hannu.