Tsoron Da A Ke Saye Da Kuɗi

Sa'ad da mu ke yara, in hutun Salla ya zo, a kan kai ni gidan kakannina a ƙasar Faskari. A bayan garin akwai wani falalen dutse mai santsi, ya yi gangara kamar bayan kunkuru. Mu kan karyo reshe mai ganye, mu ɗare a kai, mu sulalo tun daga bisa har ƙasa muna kururuwa. Wandona nawa ya huje a wurin nan, bulala nawa na sha saboda shi, Allah kaɗai ya san iyaka. Duk da haka gari na wayewa sai mu koma. In mun gaji da zamiya, mu ɗaura igiya a reshen tsamiya mu yi lilo, kowa na so ya ji cikinsa ya faɗi, sa'an nan ya sauka lafiya.

Ban taɓa zaton akwai manya masu hankali da suka mai da wannan wasa sana'a ba, sai a shekarar 2024, bayan Babbar Salla, da wata hidima ta kai ni Abuja. Na tafi da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 11, don ya sha iska. Dalilin tafiya da shi kuwa, ga shi. Daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai fiye da 300, yaron nan yana kwance a ɗakin uwarsa yana jin harbi. Alhamdu lillahi, bayan kwana 6 aka sako ɗaliban. Amma shi tun daga ranar, ko ƙarar babur ya ji da dare sai ya zabura. Wasa ya fita ransa, magana ma sai ta kama dole.

A wani filin wasa a can Abuja muka tarar da abin da zan kira jirgin lilo. Ya kai mai karatu, in ka taɓa ganin hanyar dogo a Funtuwa, to, ka ɗauka an tattaro ta, an ɗora bisa ginshiƙai, an lanƙwasa ta ta yi tudu da kwari, ƙarshenta ya komo ya haɗu da farkonta. A bisa akwai 'yan taragai buɗaɗɗu. Abin mamaki, taragan nan ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa kan tudun farko, wanda ya fi sauran tsawo, daga nan a sake su. Nauyinsu ne ke kai su, kamar yadda namu ke kai mu a kan dutsen Faskari. Shi ya sa kowane tudu na gaba ya kan kasa na farko tsayi, don ƙarfin yana raguwa a hanya.

Da na komo gida abin ya tsaya mini a rai, na yi ta bin asalinsa. Ashe a Rasha aka fara, shekaru fiye da 300 da suka wuce. Su kan gina tudu da katako, su kwarara masa ruwa, sanyi ya daskarar da shi, su riƙa sulalowa a kan ƙanƙara. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe da sunan garinmu aka soma! A Amurka kuwa, a 1827, an shimfiɗa wata hanyar dogo mai gangara, mil 9, don sauko da kwal daga kan dutse a wani wuri Mauch Chunk. Alfadarai ke jan taragai zuwa sama, in za a gangaro a ɗora su a ciki su huta. Sannu a hankali mutane suka ga alfadarai sun fi su morewa, suka fara biyan kuɗi a gangaro da su. A 1884 wani mutum, LaMarcus Thompson, ya gina irinta musamman don wasa a Coney Island, bakin teku a birnin New York. Gudunta mil 6 ne a awa, watau mai keke ma ya wuce ta, amma mutane suka yi ta tururuwa.

Daga nan sai gasa. A 1919 John Miller ya ƙago ƙafa ta ƙarƙashi, wadda ke riƙe dogo ta ƙasa, ban da ta bisa da ta gefe. Tarago ya zama ba shi da hanyar tashi daga kan dogo, saboda haka magina suka sami damar ƙara tsayi da gangara yadda suka ga dama. Kafin 1930 jiragen lilo na katako sun wuce 1,000 a Amurka, sai karayar arziki da Yaƙin Duniya na Biyu suka durƙusar da yawancinsu. A 1959 aka yi na farko mai dogo na bututun ƙarfe a Disneyland. Ƙarfe kuwa yana lanƙwasuwa yadda katako ba ya yi, shi ya buɗe hanyar juya mutane kai ƙasa. An gwada wannan tun 1895 da zobe mai kewaye sosai kamar faifai, ya riƙa ji wa mutane ciwo a wuya. Daga baya aka gyara shi ya yi siffar ɗigon ruwa, jiki ya iya ɗauka.

Gasar tsayi ta kai ga wani da a ke kira Kingda Ka, wanda aka buɗe a 2005, ƙafa 456, yana kai mil 128 a awa cikin daƙiƙa 3 da rabi. A 2010 Larabawan Abu Dabi suka yi mai mil 149, har sai an sa wa mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. Saudiyya ma ta gina nata a Ƙiddiya, kusa da Riyad, dogonsa ya wuce mil 2 da rabi. Amma Kingda Ka ɗin nan, duk girmansa, an rushe shi a 2025. A ganina masu abin sun gane tsayi kaɗai ba ya riƙe ciniki. Da yawa yanzu sun koma harba tarago da maganaɗisu maimakon sarƙa, da ɗora wa tsofaffin na katako sabon dogo na ƙarfe, da gina matsakaita waɗanda uba da ɗansa za su hau tare. Wannan na ƙarshe ya fi kwanta mini, ko da ya ke ba wanda ya nemi shawarata.

To, irin matsakaicin nan ne muka tarar. Ni da na dube shi na ce a raina, mutumin da ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Zariya zuwa Kaduna yana ta addu'a a kowace kwana, me zai sa ya ba da kuɗinsa a tsorata shi? Mu da mu ke da tsoro kyauta, har ya yi mana yawa! 'Yan'uwanmu na ƙauyukan Sabuwa nawa suka bar gonakinsu saboda shi? Na juya zan wuce, sai na ji an riƙe mini riga.

Yaron ya ce, "Kawu, ina so in hau."

Na ce, "Kai, ɗan nan, ka ga yadda ya ke wurgi da mutane kuwa?"

Ya ce, "Na gani. Amma duk wanda ya tafi yana dawowa. Na ƙirga su."

Ban sami abin cewa ba, na sayi tikiti biyu. Aka zaunar da mu, wani saurayi ya sauko mana da ƙarfe bisa cinya, ya jijjiga shi ya tabbata ya kama. Sarƙa ta fara ja, muna jin ƙas, ƙas, ƙas a ƙarƙashinmu. Daga baya na sani ƙarar wani haƙorin ƙarfe ne da ke hana tarago komawa da baya ko da sarƙa ta tsinke. A lokacin dai na ɗauka wani abu ne ke karyewa, na kama salati. Da muka kai ƙololuwa aka sake mu, hulata ta yi nata wuri, hanjina ya taso wuya. Shi kuwa yaron ya buɗe baki ya zunduma ihu, irin wanda ban ji daga gare shi ba shekara 3 da rabi. Can ihun ya rikiɗe ya zama dariya. Kafin in gama salatina birki ya kama, mun komo inda muka tashi.

Sau 3 ya hau a ranar, biyun baya shi kaɗai, ni ina ƙasa ina neman hula. Ba zan ce ya warke ba, don har yanzu ba ya son ƙarar babur bayan isha'i. Dutsen Faskari kuwa, da na tambaya, aka ce mini iyaye sun daina barin yara su je bayan gari. Saboda haka da muka komo na sayi igiya mai kauri a kasuwa, na ɗaura a reshen darbejiyar da ke tsakar gidan ƙanwata. Kullum kafin ya hau sai ya ja ta sau biyu ya duba ƙullin, kamar yadda ya ga saurayin nan ya yi, sa'an nan ya kira ƙannensa su yi layi.