Makiyayar da Ta Zama Kasuwar Attajirai

Hausawa kan ce zamani riga ne. Galibi idan aka yi wannan karin magana mutane ake nufi, amma ita ma ƙasa takan tuɓe riga ta sa wata, har wanda ya san ta jiya ya zo yau ya kasa gane ta. Abin da ya faru ke nan ga wani dattijo, tsohon malamin tarihi daga jihar Kansas ta ƙasar Amurka, lokacin da ya ziyarci jikarsa mai karatun koyarwa a jihar Kalifoniya, cikin watan Yulin 2023. Don ta karrama shi, sai ta ɗauke shi cin abincin rana a wata kasuwar zamani mai suna Fashion Island, a birnin Newport Beach da ke bakin tekun Fasifik.

Wannan ne zuwansa wurin na biyu. Na farko ya kasance a watan Yulin 1953, yana ɗan shekara 12. A shekarar ce aka yi babban gangamin 'yan sikawut na ƙasar Amurka a kan wannan tudu, inda yara da shugabanninsu kimanin 45,000 suka yi sansani na mako guda. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi da 'yan ƙungiyarsu bayan tafiyar kwanaki. Abin da suka tarar fili ne fetal, ciyawa ta bushe ƙamas, ga ƙura, ga iska mai sanyi tana busowa daga teku. Babu gida, babu wata bishiyar a-zo-a-gani, sai tantuna iyakar ganin ido. Ko hanyar da ta kai su wurin, saboda taron aka share ta. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Richard Nixon, ya ziyarci sansanin, amma ba shi ne ya zauna wa yaron a rai ba. Da yake ɗan gidan kiwo ne, abin da idonsa ya kama shi ne garken shanu a kan tuddai can nesa, da mahaya dawakin da ke lura da su. An shaida musu cewa duk inda idonsu ya kai mallakar gida ɗaya ce, wato gandun kiwo da noma na zuriyar Irvine.

Bayan shekara 70, da ya sauko daga mota, sai ya tsaya sororo. Inda ya san ciyawa, yanzu daɓe ne mai sheƙi, an jera bishiyoyin dabino na ado, ruwa yana tsartuwa daga maɓuɓɓugan da aka gina, yara sun kewaye wani ɗan tafki suna kallon kifaye masu launi irin na ƙasar Japan. Ga manyan kantuna irin su Neiman Marcus da Bloomingdale's da Nordstrom, ga ƙananan shagunan tufafi da turare da agoguna, waɗanda jakar hannu ɗaya a cikinsu kan fi kuɗin saniya da ɗan maraƙinta. A kewayen kasuwar kuma dogayen benaye ne na ofisoshi da otal-otal da asibitoci da gidajen haya. Ya juya gabas, ya juya arewa, yana neman ko da alama guda da za ta nuna masa inda suka kafa tantinsu, bai samu ba. Sai da ya fuskanci teku ya hango tsibirin Catalina a inda ya bar shi, sannan hankalinsa ya kwanta cewa lalle wurin ne.

Jikarsa ta lura da shirun da ya yi, ta ce, "Kaka, ko ka gaji ne mu nemi wurin zama?"

Ya ce, "Ban gaji ba, 'yar nan. A nan na taɓa kwana bakwai a ƙasa, ina jin kukan shanu. Mene ne sunan titin da muka biyo?"

Ta ce, "Jamboree."

Ya ce, "To, sunan taronmu ke nan. Shi kaɗai ya rage."

Ta yi mamaki ƙwarai, domin shekara uku tana bin titin nan safe da yamma, ba ta taɓa tambayar kanta daga ina sunan ya samo asali ba. Da suka zauna, sai halin malanta ya motsa wa dattijon, ya shiga warware mata tarihin ƙasar da suke zaune a kanta, kamar yadda ya karanta shi tun bayan da ya girma.

Mutanen da aka fara sani a wannan yanki su ne ƙabilun Tongva da Acjachemen, masu rayuwa da kamun kifi da farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa. Turawan Sifaniya sun ratsa yankin a shekarar 1769, suka kafa cibiyoyin mishan, suka shigo da shanu da dawaki da tumaki. Bayan da ƙasar Meziko ta sami 'yancin kai a 1821, gwamnatinta ta riƙa yanka manyan filaye tana ba masu faɗa-a-ji. Ta haka ne José Andrés Sepúlveda ya sami gandun San Joaquin, wanda wannan tudu ke cikinsa. Arzikin wancan zamani fata ne da kitse, waɗanda ake sayar wa jiragen ruwan 'yan kasuwa. Kalifoniya ta koma hannun Amurka a 1848. Daga nan sai masifa ta biyo masifa: ambaliya a 1862, sannan fari mai tsanani a 1863 da 1864, wanda ya hallaka shanu bila adadin. Bashi ya yi wa Sepúlveda katutu, ya sayar da gandun a 1864 ga wani ɗan kasuwa haifaffen ƙasar Ayalan mai suna James Irvine da abokan cinikinsa. Su kuwa tumaki suka zuba, domin yaƙin basasar Amurka ya hana samun auduga, farashin ulu ya tashi. A 1876 Irvine ya saye rabon abokan nasa, ƙasar ta zama tasa shi kaɗai.

Ɗansa, James Irvine na biyu, shi ne ya kafa kamfanin gidan a 1894, ya kuma karkatar da gandun ga noma. Ya haƙa rijiyoyi, ya gina madatsun ruwa, aka shuka sha'ir da wani farin wake da ake kira lima, daga baya aka dasa lemo gona-gona. Shanu suka koma kan tuddai inda garma ba ta kaiwa. Faɗin gandun ya kai eka 93,000, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na gundumar Orange baki ɗayanta.

Dattijon ya ce abin da ya kori shanu daga ƙarshe ba fari ba ne, ba kuma cuta ba, lissafi ne. A shekarar 1950 mutanen gundumar ba su wuce 216,000 da 'yan kai ba. Zuwa 1960 sun haura 700,000, zuwa 1970 kuwa sun ninka haka. Birnin Los Angeles ya tumbatsa, aka shimfiɗo manyan tituna, jama'a suka kwararo kudu suna neman muhalli. Harajin ƙasa kuwa a lokacin bisa darajarta a kasuwa ake yanka shi, ba bisa abin da take samarwa ba. Saboda haka da zarar gidaje sun matso kusa da gona, sai darajarta ta tashi, haraji ya bi ta, alhali amfanin gonar bai ƙaru ba. A irin wannan busasshiyar ƙasa saniya guda na bukatar eka da dama kafin ta ƙoshi a shekara, alhali eka ɗaya tak za ta ɗauki shaguna masu biyan haya kowane wata. Duk mai hankalin kasuwanci ya san inda ma'auni zai rinjaya.

Maƙwabta da yawa sun yayyanka gonakinsu sun sayar fuloti-fuloti. Kamfanin Irvine ya bi wata hanya dabam: ya riƙe ƙasarsa, ya tsara yadda za a gina ta gaba ɗaya. A 1960 ya ba Jami'ar Kalifoniya eka 1,000 a kan dala ɗaya, ya kuma ɗauki masanin zanen gine-gine William Pereira ya tsara jami'ar da garin da zai kewaye ta. Jami'ar ta buɗe a 1965, ita ce kuma wadda jikar dattijon ke karatu a cikinta. Kasuwar Fashion Island ta buɗe a 1967 da manyan kantuna huɗu, aka ba garin Irvine matsayin birni a 1971. Sansanin shanun kamfanin da ke kwarin Bommer ya daina aiki a shekarun 1970. A 1977 wasu attajirai suka saye kamfanin, daga bisani ya zama mallakar ɗaya daga cikinsu, Donald Bren.

Hikimar tsarin, in ji dattijon, ita ce haɗa abubuwa da yawa a wuri guda don kowanne ya ciyar da ɗan'uwansa. An zagaye kasuwar da titi kamar zobe, ana kuma kiranta tsibiri alhali ba ruwa ne ya kewaye ta ba. Ma'aikacin ofis ya sauko ya ci abinci a kasuwa, baƙon otal ya yi tsaraba a kantunanta, mai gidan haya ya tako da ƙafa ya yi cefane. Kasancewar kasuwar ya ɗaga hayar ofisoshi, kasancewar ofisoshin kuma ya tabbatar wa kasuwar masu saye. Tun da mai ƙasar bai sayar ba, haya yake bayarwa, duk ƙarin darajar da aka samu hannunsa take komawa.

Da ya kai nan sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi dai yana ganin an yi hasara. Jikarsa ba ta yarda da shi gaba ɗaya ba. Cikin ladabi ta tuna masa cewa gandun da yake kewa mutum nawa yake ciyarwa, kuma mutum nawa ke cin abinci a nan yau? Ita kanta a ɗaya daga cikin shagunan nan take aikin ƙarshen mako tana biyan kuɗin littattafai. Garin Irvine, wanda dā gonar wake ce, ya haura mutum 300,000 a ƙidayar 2020. Haka kuma ba duka gandun aka gine ba: an keɓe fiye da eka 50,000 na tuddai da kwaruruka da bakin teku, an haramta gini a kansu, jama'a na zuwa yawon shan iska.

Amma ita ce kuma ta kawo ɗaya ɓangaren da kanta. Matsakaicin farashin gida a Newport Beach ya daɗe da haura dala miliyan 2. Da yawa daga cikin masu shara da masu dafa abinci da masu jiran kanti daga wasu garuruwa suke tasowa da sassafe, su koma da dare. Ita ma ɗaki take rabawa da ƙawayenta a garin Santa Ana, kuma ta san cewa ko ta gama karatu ta kama aikin koyarwa, albashin malami ba zai saya mata gida a unguwar da take wa hidima ba. Dattijon ya ƙara da cewa akwai wani bambanci da ya kamata ta lura da shi. Wurin kiwo ya zama gona, gona kuma tana iya komawa wurin kiwo idan aka bar ta shekara biyu. Amma ƙasar da aka zuba wa kankare da wuya ta sake fitar da ciyawa. Saboda haka shawarar gini shawara ce da mutanen zamani ɗaya ke yankewa a madadin jikokin da ba a haifa ba.

Suna cikin haka wani tunani ya zo masa wanda ya sanyaya masa jiki. Shekara 70 yana ɗauke da hoton wannan tudu a zuciyarsa, yana ganin shi ne ainihin kamannin wurin. Ashe shi ma riga ya tarar. Shanun da yake kewa baƙi ne, Turawa suka kawo su. Yawancin ciyawar da ya kwanta a kanta ma baƙuwa ce, tare da dabbobin irinta ya shigo daga Turai ya danne na gida. Kafin mahaya dawakin da suka burge shi, akwai mutanen da aka raba da ƙasar, waɗanda babu wanda ya ambace su a sansanin 1953. Kamar yadda jikarsa ta ɗauka kantuna ne asalin wurin, haka shi ma ya ɗauka shanu ne. Kowa abin da ya buɗe ido ya gani shi yake kira asali.

Abin da ya fi damunsa shi ne da ya tuna aikinsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tarihin shugabanni da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi, amma bai taɓa fitar da ɗalibansa harabar makaranta ya tambaye su mene ne a nan kafin a gina ajinsu ba. Bai taɓa sa su tambayi tsofaffin garinsu gonar wa aka yanka aka yi kasuwa, ko ina hanyar shanu ta bi, ko me ya sa unguwa kaza take da suna kaza ba. Ga shi kuwa waɗannan ɗalibai su ne suka girma suka zama masu jefa ƙuri'a da 'yan majalisar gari, waɗanda ake kawo wa takardar neman izinin gini su amince ko su ƙi. Wanda bai san abin da ƙasa ta taɓa zama ba, yaya zai auna abin da za a rasa idan an canja ta?

Ya faɗa wa jikarsa wannan, ya ce shi dai lokacinsa ya wuce, amma ita yanzu za ta fara. Ba ta ce komai ba, sai ta ciro ɗan littafinta ta rubuta wani abu. Da suka tashi tafiya, maimakon ta nufi gida, sai ta juya mota zuwa kwarin Bommer, inda tsohon sansanin shanun yake, wanda yanzu yake hannun hukumar birnin Irvine. A kan hanya ta roƙe shi ya sake ba ta labarin tun daga farko, a hankali, domin tana da darasin gwaji da za ta gabatar wa 'yan aji huɗu a zangon karatu mai zuwa, kuma ta sami abin da za ta fara da shi: za ta rubuta sunan titin a kan allo, ta tambayi yaran ko akwai wanda ya san ma'anarsa.