Idan Waya Ta Ɗauke a Dei-Dei, Wa Zai Kai Saƙo?



Mu mazauna Dei-Dei, da masu shago a kasuwar kayan gini, da 'yan katako, da fatake da dillalai a kara, da 'yan tumatur, kusan dukkan harkarmu a kan waya ta rataya. Da ita muke cinikin sa tun yana kan mota daga Mai'aduwa ko Illela ko Potiskum, da ita muke karɓar kuɗi, da ita muke jin lafiyar iyaye a gida. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne: ranar da ta ɗauke, kuma ga tashin hankali ya taso, ta ina saƙon gaskiya zai bi?

Wayar ta sha nuna mana iyakarta. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da yawa daga cikinmu sun yi makonni ba su ji muryar gida ba, sai saƙon baka a hannun direba, kamar zamanin kakanni. Wancan hukuma ce ta rufe da gangan, ba abin da za mu nemi kauce masa ba ne, amma ya nuna mana yadda muke zama kurame da zarar sabis ya tafi. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, tura kuɗi ya yi wahala, masu POS suka zauna suna kallon na'ura. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma jihohin arewa da dama suka shafe kwanaki ba wutar lantarki, cajin waya ya zama abin bin layi. Ƙarfen sabis kansa da wuta da man gas yake aiki, kuma ko yana da su, idan dubban mutane suka kira a lokaci guda daga wuri ɗaya, sai layin ya cushe.

Akwai kuma ranar da wayar na aiki, amma ta zama ita ce matsalar. Ba wanda ya manta da ranar 18 ga Mayu 2022. Hatsari ne ya faru, wata mata da ke kan acaɓa ta rasu, kafin a ankara rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da 'yan acaɓa, aka ƙona shaguna a ɓangaren katako, aka rasa rayuka, har ministan Abuja na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya ba da umarnin rufe kasuwar. Ranar saƙonnin murya sun fi wutar gudu. Wannan ya ce ga adadin da aka kashe, wancan ya ninka shi, wani ya ce ga wasu can tafe daga Zuba, wani ya ce daga Kubwa. Babu saƙon da ke da suna, babu wanda za ka riƙe ka ce kai ka gani da idonka? Iyalai a Saburi da Kagini da Gwagwa sun wuni cikin fargaba, wasu suka fito neman 'ya'yansu suka nufi inda bai kamata su nufa ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa 'yan uwa wani tsari da wasu ƙasashe suka daɗe da shi. Akwai mutanen da sha'awarsu ce magana ta rediyo: ba tashar watsa shirye-shirye ba, na'ura ce da mutum zai yi magana kuma a amsa masa. Suna koyo, su nemi lasisi daga gwamnati, a ba kowa lambar kira tasa shi kaɗai. Ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U. Ƙungiyarsu ta duniya tun 1925 aka kafa ta a birnin Paris. A ranakun lafiya hira suke yi da juna daga ƙasa zuwa ƙasa, amma idan masifa ta auku sai su koma masu aikin sa kai. Lokacin da igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa tsibiran Andaman a ranar 26 ga Disamba 2004, wata 'yar Indiya mai suna Bharathi Prasad da abokan tafiyarta suna Port Blair don sha'awarsu kawai. Nan take suka juya na'urorinsu zuwa isar da saƙon waɗanda suka tsira ga danginsu. A 2017, bayan guguwar Maria ta rusa lantarki da sadarwa a Puerto Rico, ƙungiyar Red Cross ta Amurka da kanta ta nemi a tura mata irin waɗannan mutane.

Yadda abin yake aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu na murɗa akwatin rediyo suna laluben BBC Hausa a gajeren zango, mun san murya na iya tsallako ƙasashe ba tare da ƙarfen sabis ba. Na'urar gajeren zango, da batirin mota, da doguwar waya a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu, za su iya kai magana ɗaruruwan kilomita. Ta hannu kuwa, wadda muke kira oba-oba, 'yan kilomita take ci, gini da tudu na rage mata nisa, amma idan aka ɗora na'urar da ke karɓa ta sake cillawa a wuri mai tsayi, sai zangon ya faɗaɗa. Faifan sola ɗaya ya isa ya riƙe batirin.

Sai dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ladabin da ke tattare da aikin. A ƙa'idarsu, mai magana sai ya faɗi lambar kiransa. Ba a ɓoye magana, duk mai na'ura zai iya ji. Ba a yin ciniki a kai. Mutum ɗaya ne ke jagorantar zaman, shi ke ba kowa dama, kuma saƙo gajere ne: me ya faru, a ina, da ƙarfe nawa, wa ya gani, me ake buƙata. Jita-jita ba ta iya rayuwa a irin wannan wuri, domin duk wanda ya faɗi magana an san shi, gobe za a tambaye shi. Wannan shi ne aikin da mai shelar sarki yake yi a garuruwanmu: kowa ya san muryarsa, kowa ya san daga inda aka aiko shi.

Gaskiya ita ce masu wannan sha'awa ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda aka gani da oba-oba ba takarda zai iya jawo wa kansa bincike. Don haka kada wani ya ruga ya sayo. Hanyar ita ce ta doka: shugabanninmu su zauna da 'yan sanda da hukumar ba da agajin gaggawa ta Abuja da 'yan kwana-kwana, a ji abin da aka yarda da shi, a nemi izini, sannan a zaɓi matasa masu natsuwa su koya.

Kafin nan akwai abin da za mu iya farawa a wannan makon ba tare da kashe kuɗi ba. Kowane ɓangare, katako, kayan gini, kara, mahauta, 'yan tumatur, tasha, 'yan acaɓa da masu Keke, ya fitar da mutum biyu da aka yarda da maganarsu. A rubuta sunayensu da lambobinsu a takarda, a liƙa a ofishin kowane ɓangare, domin lambar da ke cikin wayar da ta mutu ba ta da amfani. A tsayar da wurin haɗuwa da kowa ya sani. A ware rana ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, a gwada kiran juna na minti goma. A koya wa yara da matan gida lambar gaggawa ta 112, wadda kyauta ce. Kuma a yi alƙawari: saƙon da bai fito daga waɗannan mutane ba, ba za mu tura shi gaba ba.

Abu mafi muhimmanci, jerin nan kada ya tsaya a kan Hausawa kaɗai. Maƙwabtanmu Ibo na kasuwar kayan gini da katako, da Gbagyi masu masaukinmu, da Yarbawa da sauran jama'a, dole su kasance a ciki. Ranar rikici, kalma ɗaya daga bakin wanda ɗaya ɓangaren ya yarda da shi ta fi saƙo ɗari daga namu. Wuta idan ta kama rumfar katako ba ta tambayar yaren mai shagon da ke kusa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon dattawanmu da shugabannin ɓangarori su sa wannan magana a zama na gaba, matasan da ke da ilimin lantarki ko gyaran waya kuma su ba da sunayensu ga shugabanninsu. Allah ya tsare mana rayuka da dukiyoyi, ya zaunar da Dei-Dei lafiya.