Baƙunci a Bakin Teku

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin hoton wani ƙaramin gari a bakin teku, da farin yashi da itatuwan kwakwa, ka ce a ranka da can ka koma da ka huta. Mutane da yawa suna wannan tunani, musamman waɗanda hayaniyar birni ta gajiyar. Ni na yi irin wannan ƙaura, daga Jos zuwa Kribi a kudancin Kamaru, inda aiki ya kai ni da iyalina. Bari in faɗa maka abin da na gani.

Kyawun garin gaskiya ne. Kusa da shi ta kudu, kogin Lobe yana gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku. A bakin kogin Kienke akwai hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906 don jiragen ruwa. Da yamma za ka sayi kifi da jatan lande daga hannun masunta, a gasa maka nan take.

Amma zama daban yake da ziyara. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana cin kwanon rufi da ƙofar ƙarfe. Saboda laima, takalmin da ka ajiye mako biyu sai ya yi furfura, wanki kuma ya kwana bai bushe ba. Wanda ya saba da hunturu da busasshiyar iskar arewa, jikinsa zai daɗe bai saba ba. Tuwon da ka sani yakan yi wuyar samu, sai rogon da aka naɗe a ganye.

Ka kuma sani cewa yashin da kake hange a matsayin wurin hutu, wurin aikin wasu ne. Masunta suna fita da kwalekwale tun duhun asuba, matansu suna jiransu da kwanduna, wani lokaci kuma teku ba ya mayar da wanda ya ɗauka. A nan bututun man da ya taso daga Chadi yake ƙarewa tun 2003, a 2018 kuma sabuwar tashar manyan jiragen ruwa ta fara aiki. Garin yana cika da baƙi, haya tana hawa, 'yan gari ne suka fi jin nauyinta.

Abin da ya fi laima wuya shi ne kaɗaici. Ranar Lahadi ta farko mun zauna a majami'a, ana waƙa da Faransanci da harshen Batanga, ba mu gane kome ba sai Amin. A kasuwa ne kawai muke jin Hausa, a bakin masu tsire da 'yan tireda. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma teku, duk girmansa, ba ya gaishe da kowa.

Mutanen Batanga ne suka yi mana jagora. Su ma sun ɗanɗani baƙunci, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an kwashe kakanninsu zuwa yankin Dutsen Kamaru, ba duka suka dawo ba. Waɗanda suka tsira sun komo a 1916, har yau kuma ana tunawa da dawowar a bikin Mayi kowace ranar 9 ga Mayu. Wata dattijuwa a unguwarmu ta koya wa matata yadda ake kyafa kifi, ta raka 'ya'yanmu makaranta, ta zauna da mu sa'ad da zazzaɓi ya kwantar da ƙaraminmu. Hutun da muka samu a Kribi ta hannun irin waɗannan mutane ya zo.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ƙofa ta buɗe maka zuwa irin wannan gari, ka tafi da tawali'u. Ka koyi gaisuwarsu kafin ka tambayi farashin fili. Ka halarci jana'izarsu da bikinsu, ka biya masunci haƙƙinsa ba tare da ƙwara ba. In kuwa kana gida ba inda za ka, ka duba bencin baya ranar Lahadi, ko akwai wanda ya zo daga nesa bai gane waƙar da kuke yi ba, ka matsa kusa da shi ka gaishe shi.